Goggo ta ƙara giram 85

Kura, 14 ga Afrilu, 2025

Assalamu alaikum, Bazazzagi.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. An yi Sallah lafiya? Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya maimaita mana. Na san ka cika ka batse. Saƙon da ka aiko tun kafin azumi a kan shanshera, ko a saya maka yanzu ko a dakata, ya iso, kuma zan zo kansa. Wayata ce ta faɗa kanal ranar da muke ban ruwa, wadda nake riƙewa yanzu 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, ita kuwa sai kira, kai kuma kiranka sai mutum ya sayar da akuya. Shi ya sa na koma biro da takarda kamar zamanin da muke aji uku ni da kai muna faɗa a kan alli. Direban da ke kai tumatur kasuwar Mil 12 ta Legas zai miƙa wa yaron shagonku.

Goggo ta kusa tafiya. Kar ka dafe ƙirji, ba Goggon gidan Sarkin Noma nake nufi ba, ita tana nan daram, jiya ma ta kori jikokinta da muciya. Goggonka nake faɗa, ɓeran Masar ɗin da ka damƙa wa Auta a kwali ranar da za ka tashi a 2019, ka ce amana ce, ka hau mota ka bar ni da wahala. Mijin ya mutu bara da damina, 'ya'ya da jikoki kuwa yaran unguwa sun rarrabe su, har Bunkure akwai zuriyarta. Ita kaɗai ta rage, ga Auta ya tafi makarantar kwana, amanar ta dawo wuyana.

Ƙarshen Janairu, lokacin da hazo ya rufe gari mutum ba ya hango bishiyar ƙofar gidansa, na lura ta daina fito. Ka san yadda take yi in ta ji motsin lauje ko ƙarar leda, sai ka ce an taka wa yaro ƙafa. Shiru. Na leƙa na same ta ta takure a lungu, gashi ya tashi, ido duk kwantsa, tana atishawa, ƙirjin yana kurari. Harawar da na zuba da daddare ko taɓawa ba ta yi ba. Da na ɗaga ta sai na ji kamar na ɗauki tsumma, ƙasusuwan baya suna sukar tafin hannuna. Gashin ne ya ruɗe ni duk kwanakin nan, ashe ta daɗe tana zubewa ban sani ba.

Abin da na fara yi shi ne abin da kowa zai yi, na nufi kemis. Yaron ya ballo mini kafso biyu na amfisilin, ya ce in buɗe in kaɗa a ruwa, haka masu kaji suke yi. Allah Ya sa a hanya na ci karo da wani tsohon ɗalibinmu, wanda kake sa wa kama kunne kullum saboda makara, yanzu malamin dabbobi ne. Da ya ga abin da ke hannuna sai da ya tsayar da babur. Ya ce Malam, in ka ba ta wannan ka gama da ita. Wai duk dangin fenisilin, su amfisilin da amoksilin, guba ne ga ɓeran Masar, domin suna kashe ƙwayoyin kirki da ke narka mata ciyawa a hanji, miyagun su samu fili, zawo ya ɓarke, kwana kaɗan sai gawa. Ya biyo ni gida ya duba ta, ya ce sanyi ne ya sauka a huhu, ya ba da wani maganin ruwa da jikinsu ke ɗauka, ya auna mini da kansa gwargwadon nauyinta. Yaron da ko jadawalin bakwai bai iya ba! Ka nemi gafararsa in ka zo.

Nauyin nan shi ne ya zame mini aiki. Ya ce macen ɓeran Masar mai lafiya takan kai giram 700 zuwa 900, namiji ya kan haura kilo. Goggo da muka ɗora ta 590 ta yi. Sikelin kuwa na matar babban ɗana ne, wanda take auna fulawar kek da cincin na sayarwa. Kar ka so ka ga rigimar da aka sha. Ta ce wallahi ba za a hau mata sikeli da ɓera ba, masu saye su ji labari kasuwarta ta mutu. Sai da aka yi sulhu a kan za a sa Goggo cikin ƙwarya, ƙwaryar a kan leda, kuma ba a faɗa wa kowa ba. To ga shi na faɗa maka, in maganar ta fita na san bakin da ta bi.

Ciwon ya warke cikin kamar mako biyu, amma cin abinci ya ƙi dawowa, nan ne wahalar take. Malamin ya ja mini kunne cewa wannan dabba ba ta azumi. Cikinta kamar injin niƙa ne da ba a kashewa, in ta yini ta kwana ba ta ci ba hanjin sai ya tsaya, tada shi kuma sai an sha wuya. Ba ta kuma iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Don haka ɗura muka koma. Ina shanya kiri-kiri a inuwa ya bushe, a daka a turmi, a tankaɗe da rariya, in haɗa da 'yar dusa da dafaffen kabewa, in dama da ruwan ɗumi ya yi kamar kunu mai kauri. Sai sirinji ƙarami da aka cire wa allura aka yanke bakinsa. Ta gefen baki ake sawa, bayan haƙoran gaba inda akwai wawulo, kaɗan-kaɗan, a jira ta tauna ta haɗiye. Kuma tana tsaye a kan ƙafafunta, ba a kwantar da ita rigingine kamar jariri, in ba haka ba ta shaƙe ya tafi huhu. Duk bayan awa uku ko huɗu. Azumi ya zo ya same mu a haka, sai ya zamana in na tashi sahur ni da Goggo muke yi, ita da sirinjinta ni da kokona. Uwargida ta ce shekara talatin da aure ko sau ɗaya ban taɓa ba ta abinci a baki ba, ko da ta haifi tagwaye. Na rasa amsa, na ce ai ke ba amanar Bazazzagi ba ce.

Akwai wanda ya fi wannan. Ka san suna cin wani irin kashinsu mai laushi, daga jikinsu kai tsaye, a nan suke samun wasu sinadaran da ƙwayoyin hanjin. To malamin ya ce in samo sabon kashin mai lafiya in dama da ruwa in ba ta, amma ba lokaci ɗaya da magani ba, a bar tazarar awa biyu. Na aika Bunkure aka karɓo mini jikanyarta guda, 'yar budurwa mai ja da fari. Ranar da uwargida ta gan ni a tsugune ina jiran jikanya ta yi kashi, da cokali a hannuna, ba ta ce komai ba, ta shiga ɗaki ta kira yayarta a waya. Har yau in na wuce sai in ji suna ƙus-ƙus.

Af, kafin in manta, mai shayinmu ya ƙara aure. E, shi. Bazawara ce daga Garun Malam, kuma tun da ta tare shayin ya ƙara tsada madarar ta ragu. Teburin nan da kake cin bashi yana nan, ya ce in gaya maka littafin bai ɓata ba. A majalisarsa ne aka fi yi mini dariya, suna cewa Malam ya yi ritaya ya koma unguwar zoman ɓeraye. Liman ne ya kashe bakinsu, ya karanto musu hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Tun ranar suka rage. Abin da ban gaya wa Liman ba shi ne Turawa aladen Gini suke kiran dabbar nan. Ba alade ba ce, dangin ɓera ce, ba daga Gini ta fito ba, mu ma da muka ce Masar mun yi kuskure. Asalinta duwatsun Kudancin Amurka ne, wajen su Peru da Bolibiya, can kiwonta suke yi suna ci kamar yadda muke cin zabi. Amma ka san majalisa, kalmar farko kawai za su riƙe, in wayi gari ni ne mai kiwon alade a ƙasar Kura.

Abin da ya fi ba ni mamaki cikin duk abin da na koya shi ne maganar bitamin C. Akuya da tunkiya da zomo jikinsu yana haɗa nasu, amma ɓeran Masar kamar ɗan Adam yake, sai ya ci a abinci. In ya rasa, gaɓoɓi su kumbura, dasashi ya yi jini, ya rame, ciwo kaɗan ya kayar da shi. Ni kuwa tun da kaka ta wuce busasshiyar harawa da dusa kawai nake zuba mata, ina ganin na yi gwaninta. Ina jin nan na cuce ta, Allah Ya yafe mini. Yanzu farar ƙwayar nan ta miligiram 100 nake rabawa huɗu, in niƙa kashi ɗaya in ba ta kullum a sirinji. Ba a zubawa a ruwan sha, haske yana lalata shi, ga shi in ɗanɗanon ya canja sai ta ƙi shan ruwan. Sai yankin koren tattasai da ɗan goba in an samu, da ganyen dankalin Hausa wanda take so kamar me. Zogale kaɗan nake ba ta, harawar ma na rage, don malamin ya ce suna da sinadarin ƙashi da yawa, a tsohuwa irinta yakan taru ya zama tsakuwa a mafitsara. Albasa da tafarnuwa da ganyen rogo da na tumatur ko kusa.

Ciyawa ita ce uwar abincin, saboda haƙoransu 20 ne kuma duk tsiro suke yi har mutuwa, tauna ce ke goge su. In tsohuwa ta daina tauna, na ciki su yi tsawo su danne harshe, sai ka ga tana ɗaukar abinci tana yarwa, haɓa a jiƙe da miyau. Ya duba nata da tocila ya ce da saura. Samun ciyawar ne aiki. Za ka ce ai muna bakin ruwan Tiga, kore ba ya yanke mana ko da bazara. Haka ne, amma tun shekarar da tsutsar nan sharon ta cinye tumatur, 2016, mutanenmu feshi suke yi kamar ba gobe, bakin kowace gona warin magani. Sai na tafi can bayan makabarta inda ba mai noma nake yankowa, in wanke, in bari ta tsane. Tumatur ɗin ma da ake wannan feshi dominsa, je ka Kwanar Gafan ka ga yadda ake rabuwa da kwando, manomi ya biya kuɗin mota ya koma gida yana lissafi da yatsu. Ƙanina ya rantse baɗi alkama zai yi. Bara ma haka ya rantse.

To ga inda muke. Duk Jumma'a bayan an sauko nake ɗora ta, kafin ta ci na yamma, in rubuta a bayan tsohuwar rajistar aji. Makon farko ta ƙara sauka zuwa 575, na ce shi ke nan, har na fara tunanin yadda zan gaya wa Auta. Daga nan ta tsaya cik mako biyu, sai ta fara hawa, goma, sha biyar, wani makon ba komai. Jumma'ar da ta wuce 660. Tana ci da kanta yanzu, ɗura sau biyu kawai nake yi. Jikanyar ta taimaka, don dabbar nan ba ta son kaɗaici, in ta ga wata tana ci sai ta matso. Sai dai 'yar banzar haɗama gare ta irin ta mutanen garinku, dole in raba su da katako lokacin tattasai. Namiji kuwa na hana a kawo, ciki a wannan shekaru ajalinta ne.

Ban ce za ta koma yadda ka san ta ba. Shekara 5 zuwa 7 suke yi galibi, ita kuwa ta haura shida. Tafiyarta ta zama ta tsofaffi, farcen sai na yanke mata don ba ta yawon da zai goge su, na kuma shimfiɗa mata tsohon zanen uwargida saboda siminti yana ci mata tafin ƙafa. Dusar katako na daina zubawa, ƙurarta ce ke tada atishawar. Yanzu abin da ke hana ni barci zafi ne. Dabbar duwatsu ce mai son sanyi-sanyi, da zafi ya haura 30 ta fara galabaita, mu kuwa nan da azahar 40 muke gani har da ɗoriya. Na mayar da akurkin gindin randa a zaure, inda ƙasa take da laima, na rufa jiƙaƙƙen buhun algarara a sama ina yayyafa masa ruwa. Shekaranjiya na same ta ta miƙe a jikin randar tana haki, gabana ya faɗi, na shafa mata ruwa a kunnuwa da ƙafafu har ta dawo. In Allah Ya kai mu saukar ruwan sama da ita, ina ganin mun tsallake.

Auta zai zo hutu, bai san komai ba, kar ka kira uwarsa ka yi suɓul da baka. In za ka aiko da wani abu ta hannun direban nan, batirin sikeli nake so, irin mai faɗi kamar kwabo, guda biyu, na mai kek ya fara kashe ido kuma ta ce ni zan biya. Ga shi can yana ta danna hon, kwandunan sun gama hawa. Ka gaida maman yara da su 'yan biyu, ka ce wa babban ya daina turo mini hoton teku, na gani.

Naka,
Ubangidanka na Kano