Kaushin da rana ke bari a fata: a nemi magani tun bai zama sankara ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafinku na lafiya in yi magana kan wata cutar fata da rana ke jawowa, wadda ba kasafai ake ambatonta ba, ga shi kuwa tana iya rikiɗewa zuwa sankarar da ke cin rayuka a ɓoye.

Rana tana ƙona fata, wannan kowa ya sani. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne ɓarnar taruwa take yi shekara da shekaru. Hasken nan na UV da ido ba ya gani yana lalata ƙwayoyin saman fata, sannu a hankali har wani ɗan tabo mai kaushi ya fito a goshi, ko a kan kunne, ko a leɓen ƙasa, ko a bayan hannu, ko a kan mai sanƙo. Likitoci na kiransa aktinik keratosis. Sau da yawa yatsa ne ke riga ido gano shi: kana shafa wurin ka ji kamar samfefa. Ya yi ɓawo, ka ɓamɓare, bayan kwana biyu ya dawo daidai inda yake. Wannan tabo bai zama sankara ba tukuna, kuma mafi yawansu ba sa zama. Sai dai babu likitan da zai duba ya ce wannan zai rikiɗe, wancan ba zai rikiɗe ba. Shi ya sa ake magance shi tun yana ƙarami.

Waɗanda suka fi damuna su ne zabiya. Fatarsu ba ta da isasshen sinadarin melanin da ke tare hasken rana, don haka tabon da ake gani a jikin dattijo mai farar fata, su tun suna matasa yake bayyana musu. Ina da ƙane zabiya, na ga yadda kunnuwansa da wuyansa ke yin jawur in ya ɗan jima a waje. Bayan su akwai wanda aka yi wa dashen ƙoda yana shan maganin rage garkuwar jiki, da duk mai wuni a rana saboda sana'a. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun bayyana cewa kusan mutum 19,000 ne suka mutu a 2019 sakamakon sankarar fata da aiki a rana ya jawo. Baƙar fata tana da kariya sosai, amma kariyar ba cikakkiya ba ce.

Maganin kuwa ba wani mai wuya ba ne. In tabon ɗaya ne ko biyu, likitan fata kan fesa masa ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, wurin ya yi bororo, ya bushe, ya faɗi. In sun bazu, akwai man shafawa irin su fluorouracil da imiquimod. Nan ne mutane ke karaya. Cikin sati biyu zuwa huɗu na shafa fluorouracil wurin zai yi ja, ya yi raɗaɗi, ya yi ɓawo, har mai shi ya ɗauka abin ya ɓaci ya daina. Alhali aikin maganin ke nan, yana kashe lalatattun ƙwayoyin ne. Wanda abin ya yi wa tsanani ya koma wurin likitansa, kada ya yanke hukunci shi kaɗai. Kuma don Allah kada a saya a shafa ba tare da likita ya duba ba. Mai juna biyu ma sam ba ta amfani da fluorouracil.

In tabo ya fara tauri ko girma da sauri, ko yana zubar jini, ko ya zama gyambon da ya ƙi warkewa, to jira ya ƙare. A je a yanki ɗan kaɗan a gwada.

Rigakafin a bayyane yake: neman inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, malfa mai faɗin baki da ke rufe kunne da wuya, riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana mai lambar SPF 30 ko sama, a sake shafawa duk bayan awa 2 ko bayan zufa. Ko da hadari a sama, hasken na ratsowa.

Roƙona gare ku shi ne ku gayyato likitan fata ya yi wa masu karatu bayani da hotuna, musamman iyaye da malaman makarantar da ke da yara zabiya. Ranar 13 ga Yuni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa zabiya dama ce mai kyau, amma ina fatan ba za ku jira sai ta zagayo ba.

Na gode.

Naku,
Mai bibiyar shafinku na lafiya