Takardar Koke Zuwa Ga Mai Martaba Sarki Kan Yanke Ƙafafun Masu Ciwon Suga Da Rashin Na'urar Hoton Ido

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai Martaba, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya da nasara, ya bar mana kai. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga ubansa, mu talakawanka masu fama da ciwon suga, tare da matanmu da 'ya'yanmu da ke ɗawainiyar jinyarmu, muna neman afuwa bisa wannan takarda. Da kukanmu ya samu mai ji a wani wuri, da ba mu kawo shi fada ba.

Ranka ya daɗe, makon jiya aka yanke ƙafar ɗaya daga cikinmu, daga ƙasan gwiwa. Tela ne, da wannan ƙafar yake taka keke ya ci da iyalinsa. Ƙusa ce ta huda takalminsa ta shige tafin ƙafar, ya yi ta yawo da ita bai sani ba, sai da ƙaramar 'yarsa ta ga busasshen jini a cikin takalmin ta nuna wa uwarta. Kafin a ankara wurin ya zama gyambo, ya yi baƙi, ya fara wari. Bawan Allahn nan bai taɓa tsallake ranar ganin likita ba. Katinsa ya cika har an haɗa masa wani. Duk zuwa a soka masa yatsa, a rubuta lamba, a rubuta magani, a ce na gaba ya shigo. Shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ce masa cire takalminka mu gani. Ya sha gaya musu cewa da dare ƙafafunsa na zafi kamar an ɗora garwashi. Daga baya zafin ya ɗauke, ya yi murna, yana zaton sauƙi ya samu. Ashe jijiyoyin ne suka ƙarasa mutuwa.

Allah ya taimake ka, wannan ba sabon abu ba ne a wurin likitoci. Suga idan ya daɗe da yawa a jini yana cinye jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa, kuma da ƙananan na yatsun ƙafa yake farawa. Kusan rabin masu ciwon suga sukan gamu da wannan a rayuwarsu. Abin da ya fi ci mana rai shi ne ana iya gano ɓarnar da wuri, ta ido. Tantanin nan mai haske kamar gilashi da ya rufe baƙin ido, babu inda jijiyoyi suka cunkushe a jikin ɗan Adam kamarsa, shi ya sa ɗan ƙurar da ba ta kai komai ba take hana mutum sakat. Da yake garai yake, ana hango jijiyoyin ba sai an yanka ba. Akan ɗiga maganin kashe zafi, bakin na'ura ya taɓa idon a hankali, cikin 'yan mintuna hoto ya fito a kwamfuta. Na mai lafiya zare-zare ne dogaye a jere, da rassansu. Na wanda suga ya fara ci sun ragu, sun gajarce, sun karkace. Tun a 2003 likita Rayaz Malik da abokan aikinsa a Manchester ta Ingila suka nuna cewa abin da aka gani a ido yana tafiya daidai da lalacewar jijiyoyin ƙafa, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna ana ganin raguwar tun mutum bai fara jin komai ba. Sama da shekara 20 ke nan, ranka ya daɗe.

Mun rubuta wa hukumar asibiti, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Mun tura dattawa. An ce ana dubawa, an ce an kafa kwamiti, an ce sai kasafin baɗi, wani lokacin ma takardar ce aka ce ba a gani ba. Mun daina lissafi. A tsakanin nan wasu sun rasa yatsa, wasu idonsu ya dushe, wasu sun riga mu gidan gaskiya.

Mun san na'urar nan tana da tsada, ko a ƙasashen da suka ci gaba ba kowane asibiti ke da ita ba, kuma ba ta warkar da kowa. Amfaninta mutum ya sani da wuri, ya matsa wa sugarsa da hawan jininsa, ya riƙa duba ƙafarsa kullum, ya daina tafiya ba takalmi. To amma me za a ce game da ɗan zaren robar nan da ake dannawa a tafin ƙafa don a ga ko mutum na jin taɓi, wanda ke lanƙwasa da ƙarfin giram 10? Ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar ƙwararre, aljihun riga yake shiga. Shi sai ɓarna ta yi nisa yake kamawa, amma ko shi da an gwada wa telan nan, wataƙila da yau yana kan kekensa. Shi ma tsadar ce ta hana?

Saboda haka muna roƙon Mai Martaba ya sa baki a samar da na'urar hoton jijiyoyin ido ko da guda ɗaya ce a babban asibiti, a horar da masu aiki da ita, kada ta zo ta zauna a cikin kwali. Muna roƙon a wajabta duba ƙafa da ido ga duk mai ciwon suga aƙalla sau ɗaya a shekara, a rubuta a katinsa. A haɗa da kyamarar ɗaukar hoton can cikin ido, domin suga na makantarwa ba sallama. A kira masu hannu da shuni su taimaka, maganarka ba ta faɗuwa ƙasa. A tambayi hukumar asibiti inda takardunmu suka maƙale. Kuma, Allah ya ja zamaninka, a cire mana takalmi a duba. Wannan ko gobe ana iya farawa.

Muna kuma roƙon a dubi halin da iyalin telan nan suke ciki. Har yanzu yana kwance, ɗinkin mutane na jibge a kan keken.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya da imani.

Mu ne talakawanka,
Masu ciwon suga da iyalansu da suka sa hannu a ƙasa.