Rahoton Ayyukan Shekara daga Sakatare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa da sauran 'yan'uwa membobi, ga bayanin abin da aka yi a shekarar da ta ƙare da kuma abin da ya gagara.

An yi tarukan wata-wata da buɗa-baki da shagalin Sallah yadda aka saba.

Aikin da ya fi faranta wa kwamiti rai shi ne ziyarar ƙauyen tarihi na Vermilionville da ke birnin Lafayet a jihar Luwiziyana ta Amurka, wanda aka buɗe a 1990 domin nuna yadda 'yan Kajun da 'yan Kiriyol (jikokin Faransawa da Sifaniyawa da 'yan Afirka da aka haifa a yankin) da 'yan asalin ƙasar suka rayu daga 1765 zuwa 1890. Kakannin 'yan Kajun masu jin Faransanci ne, waɗanda Turawan Ingila suka fara kora daga Akadiya, a gabashin Kanada ta yau, a shekarar 1755. Ma'aikatan wurin suna sanye da tufafin da, kowa yana sana'arsa a gaban baƙi. Yara sun yi cincirindo a maƙera, iyayenmu mata kuwa da ƙyar aka raba su da mai kaɗi, wadda take kaɗa wata auduga mai launin ƙasa, haka take tun daga gona ba tare da rini ba. Mun taɓa bangon da aka yi da laka kwaɓe da wata ciyawa mai furfura da ke reto a rassan itatuwa, kamar yadda maginanmu suke kwaɓa ƙasa da ciyawa, sannan muka ƙetare rafi a jirgin fito da ake ja da igiya. 'Yan'uwanmu na Nijar sun sha hira da ma'aikata da Faransanci. Muna godiya ga mata da suka ɗauki nauyin guzuri, domin naman alade yana yawan shiga girkin yankin.

A ɗakin makarantar ƙauyen an rubuta a allo jimlar da a da ake sa yara maimaitawa idan an kama su suna Faransanci, domin tsarin mulkin jihar na 1921 ya ce da Ingilishi kaɗai za a koyar. Su tilasta musu barin harshensu aka yi, mu kuwa ajin Hausa na ranar Asabar da muka yi wa 'ya'yanmu alkawari har yau bai fara ba.

Ba sakacin kwamiti ya jawo haka ba. An samu malama, an samu ɗaki, kuɗin haya ne babu, saboda da yawa daga cikinmu ba su biya kuɗin wata ba, wasu ma tun bara. Masu cewa kuɗin ajin aka kashe a tafiya su sani cewa kowa daga aljihunsa ya biya mota da tikiti, kuma rasit suna hannun ma'aji ga mai son dubawa. Haka asusun jana'iza ya tsaya, kan wannan dalilin. Abin takaici, waɗanda ba sa ɗaga waya idan ma'aji ya kira su ne suka fi kowa ƙorafi a WhatsApp, mu kuma aikin sa-kai muke yi bayan mun taso daga wuraren aikinmu.

Kwamiti yana roƙon duk wanda ake bin sa bashi ya biya kafin babban taro, inda za a karanta jerin waɗanda suka biya, a kuma tsayar da ranar buɗe ajin.

Wassalam.
Sakatare