A binciki ma'aikatan makarantun kuɗi

Ranka ya daɗe Edita,

Ana ta murna da sabuwar manhajar 2025 da ta rage wa 'yan firamare yawan darussa, to madalla, amma ni damuwata makarantun nan masu kiran kansu intanashinal. Suna alfahari da manhajar Ingila, alhali can ko maigadi ba a ɗauka a makaranta sai an binciki tarihinsa. Mu kuwa yarinya 'yar shekara 5 za ta saura a bas ita kaɗai da direban da ba wanda ya san asalinsa, har bayan la'asar.

Don Allah ma'aikatar ilimi ta wajabta binciken nan kafin sabunta lasisi, kuma kowace makaranta ta ware malama guda da yara za su riƙa kai wa kukansu.

Wata uwa daga Kano