Wasiƙa daga Argungu kan rabon fadamar marigayi

Argungu, Jihar Kebbi.

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya zaman Legas da haƙuri da jama'arta? Mu nan sai godiya, ruwa ya ja baya, an fara yankan shinkafa.

Wata magana ce ta hana ni sakat, na ga babu wanda ya dace in kai wa sai kai. An yi sadakar arba'in ta tsohon nan maƙwabcinmu, wanda ya koya mana riƙon homa a Matan Fada. Allah ya jiƙansa. Ka san iyayensa sun riga shi, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Ko ɗan makarantar islamiyya zai iya wannan lissafi: fadama ta kasu takwas, uwa ta ɗauki tumunin takabarta, kowane namiji kashi biyu, kowace mace kashi ɗaya. To, mutuminka, babban ɗan, ya ce ba za a yanka gonar ba. Wai shi da ƙanensa za su riƙe, su sallami matan da ɗan kuɗin da ba zai sayi ko kunya goma ba. Hujjarsa ita ce mace ta wani gida ce, in an ba ta gona an ba surukai.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda majalisa ta karɓi zancen. Da yamma a ƙofar gida sai yaba masa ake yi, ana cewa ya nuna shi namiji ne, ya tsare gidan ubansa. Babu wanda ya tambaya ko da haƙƙin wa ya tsare shi.

Da can fadama ba ta da wannan daraja. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa bashi a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, aka kuma buɗe babban injin shinkafa nan Argungu a 2017, ƙasar da a da ake ba mutum aro kyauta ta zama zinari. Daga nan ne wasu suka fara tuno "al'ada". Amma aya ta 7 cikin Suratun Nisa'i ba ta bar ƙofa ba: maza suna da rabo, mata suna da rabo, dukiyar ta yi yawa ko ta yi kaɗan, kuma rabo ne yankakke. Mu maza mun haddace aya ta 11, mai ba namiji rabon mata biyu, muna karanta ta da ƙarfi. Nauyin da ke tafe da rabon ne ba mu son ji: ci da sha, sutura, muhalli da magani duk a wuyan namiji suke, dukiyar mace kuwa tata ce.

Yanzu dubi ƙanwarsu ta tsakiya, wadda mijinta ya tafi ci-rani ya yi shiru. Kafin kiran assalatu ta hura wuta ƙarƙashin rabin duro tana turara shanshera, hayaƙi na cika mata ido, goyo a baya. Rana na fitowa ta baza a kan leda, ta wuni tana juyawa da ƙafa tana korar awaki, ta kai inji, ta sheƙe, ta auna da mudu ta ba 'yarta talla. Da wannan take ciyar da yara, ta zuba adashe, ta biya kuɗin littafi. Shansherar nan kuwa saye take yi, wani lokaci ma daga hannun yayan nata, daga gonar da kashi ɗaya cikin takwas nata ne. Wallahi duk sanda na wuce ƙofarta sai zuciyata ta yi nauyi.

Za ka ce ai akwai kotun shari'a, kuma na tabbata alƙali ba zai ɓata lokaci kan wannan rabo ba. Sai dai ka san abin da ke biyo baya. Ranar da ta kai ƙara, sunanta mai yanke zumunci. An ma riga an aika mata da tambayar da ake rufe bakin mata da ita: in aurenki ya mutu, gidan wa za ki koma? Shi ya sa ta yi shiru, aka kuma ɗauki shirun a matsayin yafiya. Yafiyar da aka samu da tsoro ba na jin tana halatta ko ƙwayar shinkafa.

Kuma kada wani ya ce wannan ra'ayin 'yan boko ne. A ƙasar nan Shehu Usmanu ya yi wa malamai faɗa kan barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta tura jajoji, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata 'yan taru. Da mun riƙe wannan, da yau matan nan uku sun san iyakar gonarsu tun kafin a kira mai rabo.

Na yi wa babban ɗan magana a keɓe, ya ce in fita harkar gidansu. Liman ya yi alkawarin zama da su bayan girbi, amma ina tsoron kafin nan amfanin bana ya shige rumbu ɗaya. Kai yana jin nauyinka tun muna yara. Don Allah ka kira shi cikin makon nan. Kada ka fara da faɗa, ka san halinsa. Ka nuna masa ba sai an yanka gonar ba in abin da yake tsoro ke nan: a auna, a rubuta rabon kowa a gaban shaidu, ya ci gaba da noma, duk kaka ya ba uwar da 'yan'uwansa mata nasu buhunan bisa yarjejeniya. Yadda kuka yi, ka sanar da ni kafin in koma wurin Liman.

Inna tana gaishe ka, tana tambayar ko za ka zo sallah. Ka gaida mai ɗaki da yara.

Wassalam,
Naka amini.