Barka da Sallah daga Haidarabad

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Abba da Umma, da Yaya, da Auta, da duk mutanen gida. Ina gaishe ku gaisuwa mai yawa, da fatan kun sha ruwa lafiya, kun yi Sallah lafiya. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Ku tun jiya kuka sauko daga Idi, mu sai yau, domin a nan Indiya ba a ga wata tare da ku ba. Tsakaninmu awa huɗu da rabi ne, saboda haka lokacin da Auta ta turo min hotonku a zaure cikin sababbin kaya, mu nan azahar ta wuce, ina zaune gaban kwamfuta a ofis da azumi a bakina. Umma, da kuka tambaye ni me ya shaƙe min murya na ce mura ce. Ku yafe min, ba mura ba ce. Abin da na kasa faɗa a waya shi ne zan rubuta yanzu.

Da sassafe na hau A Daidaita Sahu daga Tolichowki, unguwar da nake haya, zuwa tsohon gari. Irin namu ne sak, dama daga nan ake kai mana su, sai dai su a hannun hagu suke tuƙi, har yau idan zan tsallaka titi sai na duba sau biyu. Na yi Idi a Masallacin Makka, dab da Charminar, ginin nan mai hasumiya huɗu da aka yi a 1591. Jama'a har kan titi, kowa da farin kaya, ƙamshin turare ko'ina. Wani dattijo da ke gefena ya ga hulata ya gane baƙo ne ni, sai ya yi min bayani tun kafin a tayar: su Hanafawa ne, ƙarin kabbara uku suke yi a raka'ar farko kafin karatu, uku kuma a ta biyu bayan karatu, sannan a tafi ruku'u. Abba, na tuna yadda kuka koya mana bakwai da shida a kan hanyar Ƙofar Mata, ina riƙe da dardumarku.

Da aka gama huɗuba sai kowa ya miƙe yana rungumar ɗan'uwansa, sau uku, kafaɗa bayan kafaɗa. Uba da ɗa, wa da ƙane, maƙwabci da maƙwabci. Ni kuwa na tsaya a tsakiyar dubban Musulmi ba ni da wanda zan miƙa wa hannu. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin kaɗaici a cikin sahu ba sai yau. Dattijon nan ya gama da 'ya'yansa da jikokinsa, ya juyo ya jawo ni ya rungume, ya ce Id Mubarak. Ban iya amsa masa ba, kai kawai na gyaɗa.

Kun sha tambayata ko abincin ne ya fi damuna. Yajinsu akwai ƙarfi, makon farko cikina bai ji daɗi ba, amma yanzu na saba. A azumi ma na ci halim ɗinsu sosai, alkama da nama da wake ake dafawa a yi ta tuƙawa har su zama ɗaya. Jiniya ake busawa daga masallatai lokacin sahur da shan ruwa. Sai dai babu kunun tsamiya, babu ƙosai, goma ga wata ta zo ta wuce ban ji ko gwangwanin ɗan tashe ɗaya ba.

Gaisuwa ce ta fi yi min ciwo. A ofis mutum zai ce maka sannu da Turanci ya wuce, shi ke nan. Mutanen kirki ne, suna koya min aikin manhaja tsakani da Allah, amma wata huɗu ke nan babu wanda ya ce min ina gajiya, ya mutanen gida, ya jikin Kaka. Babu wanda ya san ɗan gidan waye ni. A titi kuma kallo, wani lokaci har da ɗaukar hoto ba a nemi izini ba. Lokacin da nake neman ɗaki, gida biyu aka amsa min a waya, da na je suka gan ni sai aka ce an riga an bayar. Na ɓoye muku wannan don kada hankalin Umma ya tashi. Yanzu ina zaune lafiya, maƙwabtana 'yan Sudan ne da 'yan Somaliya, tare muke jam'i.

Yaya, Indiyancin da muka tsinta a finafinai bai kai ni ko'ina ba. Yawancin mutanen jihar nan Telugu suke yi, na tsohon gari kuma Urdu irin tasu. Idan suka kaɗa kai gefe da gefe, yarda suke nufi, na fi wata ɗaya ina zaton ana ƙin abin da na faɗa.

Bayan Idi niyyata in koma ɗaki in kwanta. Sai ga wayar abokin aikina, wanda teburinsa ke kusa da nawa. Hindu ne, sa'ana. Ya ce mahaifiyarsa ta ce lallai in zo, ba za ta bari in wuni ni kaɗai ba. A hanya yake ba ni labarin dalili. Shi ma ya taɓa zuwa koyon aiki a Jamus, wata shida, cikin hunturu, rana na faɗuwa tun kafin a tashi daga aiki, ranar Lahadi kantuna a rufe, unguwa tsit. Ranar Diwali, bikinsu na fitilu, ta same shi a can, ranar aiki ce kamar kowace. Ya ce ya dawo ɗaki ya kunna kyandir ɗaya a taga, ya kira gida yana jin ƙarar wasan wuta ta cikin waya, ya yi kuka kamar yaro. Mahaifiyarsa ba ta manta muryarsa ta ranar ba.

Da yarensu "Amma" yake kiran mahaifiyar tasa, na ji kamar Umma yake cewa. A bakin ƙofa muka cire takalma. Ba ta sa nama ba don in ci hankali kwance, ga kuma shir kurma da maƙwabtansu Musulmi suka aiko, taliya siririya cikin madara da dabino. Ta zuba min shinkafa da wata miyar ganye. Loma ɗaya na yi na ajiye hannu. Umma, yakuwa ce! Gongura suke ce mata, suna ji da ita ƙwarai. Tsamin nan ya kai ni tsakar gidanmu, na gan ku a bakin murhu kuna gyaran ganye, Auta tana daka gyaɗa. Matar nan ba ta jin Turanci, ni ba na jin Telugu. Ta dube ni, ta ƙara min miya, ta zauna kusa da ni har na cinye. Ɗanta ya ce gobe zai kai ni kasuwar da ake sayar da ita, akwai gero da dawa da tsamiya da zogale. Ashe duk suna nan kusa da ni ban sani ba.

Saura wata biyu in gama koyon aikin da ya kawo ni, in Allah ya yarda Babbar Sallah ko ta same ni a hanya ko a gida. Idan an sami mai zuwa asibiti nan, don 'yan gida suna yawan zuwa, a ba shi kuka da daddawa da yajin Gwaggo. Umma, ku turo min yadda kuke fate da murya, a hankali, zan gwada. Na tura wa Yaya ɗan abin da ya samu, a raba wa yara goron Sallah, a saya wa Kaka goro fari. Auta, idan an yi Hawan Daushe ki ɗauko min daga Ƙofar Kudu, ki bar ƙarar algaita da bindiga, kada ki ɗora waƙa a kai.

A gaishe da Kawu da iyalinsa, da Liman, da 'yan majalisar ƙofar gida. Abba, a ci gaba da sa ni a addu'a.

Ɗanku,
daga Haidarabad, daren Sallah.