Kafin auta ya sa hannu a takardar aikin kan dutse

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Inna da yara duk suna lafiya. Na ga saƙonka kan auta, cewa an yi masa tayin aikin lokacin sanyi a wurin wasan zamiyar ƙanƙara nan Faransa. Kada ya fara tambayar albashi tukuna. Ya fara tambaya: tsayin wurin mita nawa ne?

Dalili kuwa, wannan sana'a kamar noman damina take, in sama ba ta ba da ba, babu aiki. Masu ita suna lissafin cewa wuri yana buƙatar kwana 100 a shekara da dusar ƙanƙara mai kaurin santimita 30 kafin ya ci riba. Tsaunukan Alps kuwa, inda yawancin wuraren wasan nan Faransa suke, sun ƙara ɗumi da kusan digiri 2 tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma duk ƙarin digiri ɗaya yana ture iyakar dusar sama da kimanin mita 150. Abin da a da ke sauka a matsayin dusa, yanzu ruwa yake zuwa a ƙasa-ƙasan dutse, ya ma narkar da wadda ta riga ta kwanta. Wurin wasan La Sambuy, mai tsayin mita 1,200, an rufe shi gaba ɗaya a 2023. Na Val Thorens kuwa, a mita 2,300, yana buɗewa ƙarshen Nuwamba har farkon Mayu. Ka ga ba ɗaya ba ne.

Za su ce masa suna da injin yin dusa. Gaskiya ne, amma injin ba ya sihiri. Ruwa yake fesawa da iska mai ƙarfi, ɗigon ya daskare kafin ya taɓa ƙasa. Sai sanyi ya kai kamar digiri 2 ƙasa da sifili, iska kuma a bushe. In da laima, sai an fi haka sanyi. In ba a samu ba, ruwa kawai zai zuba, gari ya waye hanyar ta zama gilashi, masu wasa su yi ta karaya. Shi ya sa yawanci da dare ake kunna injinan, ma'aikaci na bin su da tocila yana duba bututu kada ya daskare ya fashe. Ruwan ma ba kaɗan ba: shimfiɗa santimita 30 a hekta ɗaya na cin fiye da lita miliyan ɗaya, daga tafkunan da aka haƙa a kan dutsen. Ga kuɗin wuta. Ƙaramin wuri ba ya iya ɗaukar wannan shekara da shekaru.

Wasu kuma rumbu suke yi, in ka yarda. A Davos ta Suwizaland ana tara dusa a ƙarshen sanyi, a lulluɓe ta da garin katako, ta kwana bazara, mafi yawanta na nan har kaka. A 2020 ma da jirgi mai saukar ungulu aka yi jigilar dusa a wurin wasan Luchon-Superbagnères nan Faransa, aka sha suka.

To, abin da zai duba a takardar: ranar farawa a rubuce take, ko sai dusa ta sauka? In an rufe wurin a Janairu, nawa za a biya shi? Ɗakin kwana a wuyan wa yake, don haya a kan dutse tana cinye albashi. In wurin bai kai mita 1,500 ba, ni dai ban ba shi shawara ba, sai in suna da aikin bazara, kamar hawan keke da yawon ƙafa. Kuma kada ya taso sai takardar izinin aiki na hannunsa.

A gaida Inna, a ce mata saƙonta na tafe ƙarshen wata.

Naka ƙane.